Auna Tsawon Gungun Elektaron a Na'urorin Hanzartawa: Abin da Kowace Hanya Ke Gani da Abin da Ke Ɓace Mata

Tsakure

Na'urorin hanzarta elektaron na wannan zamani, musamman masu ciyar da lezar eksire, suna matse elektaron sama da biliyan ɗaya cikin gungun da tsawonsa bai kai kaurin gashin kai ba. Wannan maƙala ta duba manyan hanyoyin da ake bi a auna irin wannan gungu: kyamarar shimfiɗa lokaci, kogon karkatarwa, nazarin haske mai haɗin kai, da kiristal mai amsa filin lantarki. Hujjar da maƙalar ta tsaya a kai ita ce, adadin da ake kira tsawon gungu ba ya tsayawa shi kaɗai. Sai an faɗi ma'anar da aka ba tsawon, da na'urar da ta auna shi, da iyakar ganin na'urar, sannan adadin yake da amfani ga mai bincike.

1.0 Gabatarwa

Elektaron ba sa tafiya a na'urar hanzartawa kamar ruwan famfo mai zuba ba yankewa. Igiyar rediyon da ke tura su tana tura su ne a wani ɗan sashe na kaɗawarta kawai, don haka dole su taru gungu-gungu, kowane gungu ya hau wurin da turin yake. Da zarar sun sami kuzarin 'yan MeV, gudunsu ya kusa kamo na haske, saboda haka tsawon gungu a mita da tsawonsa a sakan abu ɗaya ne ta fuska biyu. Haske yana cin milimita 0.3 a pikosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. A femtosakan ɗaya kuwa, wanda shi ne kashi ɗaya cikin dubu na pikosakan, maikiromita 0.3 kawai yake ci. Gungu mai femtosakan 100 ke nan tsawonsa maikiromita 30 ne.

A zoben ajiyar elektaron, irin waɗanda ke samar da hasken sinkirotiron, gungu yakan kai pikosakan gommai. Wannan bai taɓa zama babbar matsala ba. Abin da ya sauya lamarin shi ne zuwan lezar elektaron mai ba da eksire. FLASH da ke cibiyar DESY a Hambug ta ƙasar Jamus ta fara karɓar masu bincike a 2005. LCLS da ke SLAC a Kalifoniya ta ba da haskenta na farko a watan Afrilun 2009, a zango angistirom 1.5. SACLA ta Japan ta biyo baya a 2011, sai SwissFEL a Suwizalan, da PAL-XFEL a Koriya ta Kudu, da European XFEL mai tsawon kilomita 3.4 wadda ta fara aiki a 2017. Dukansu suna buƙatar abu ɗaya: kwararar lantarki mai kai ampiya dubbai a ƙololuwar gungu. Ba a samun wannan ta ƙara caji, domin caji mai yawa yana ɓata kyawun gungun tun daga bindigar elektaron. Ana samunsa ne ta gajarta lokacin. Caji pikokulom 250, wanda ya ƙunshi elektaron kusan biliyan ɗaya da rabi, idan aka matse shi zuwa bazuwar femtosakan 25, ƙololuwarsa takan kai kimanin ampiya 4,000. Aka bar shi a pikosakan ɗaya, ampiya 100 kawai zai bayar, kuma lezar ba za ta tashi ba.

Ga kuma wata buƙatar. Tsawon walƙiyar eksire da ke fita yana bin tsawon sashen gungun da ya haifar da ita. Masanin sinadarai da ke son ganin yadda wata mahaɗa ke tsinkewa cikin femtosakan 50 ba zai iya fassara sakamakonsa ba idan bai san tsawon walƙiyar da ya haska ta da ita ba.

Babu wata na'urar lantarki da ke da saurin bin wannan kai tsaye. Osiloskof mafi sauri yana tsayawa ne a 'yan pikosakan. Saboda haka duk hanyoyin da za mu tattauna dabaru ne na mayar da lokaci wani abu dabam da ake iya gani: tazara a kan allo, ko launin haske, ko juyawar hasken leza.

2.0 Siffa kafin tsawo

Kafin maganar awo, ya kamata mu tuna yadda gungun yake samun siffarsa, domin daga nan rikicin yake farawa. Elektaron masu gudu kusa da na haske ba sa iya cim ma juna a miƙaƙƙiyar hanya. Don haka ana hanzarta gungun a gefen ƙololuwar igiyar rediyo, yadda na baya za su fi na gaba kuzari, sannan a bi da shi ta lanƙwasar maganaɗisu huɗu. Masu ƙarin kuzari ba sa lanƙwasuwa sosai, hanyarsu ta fi gajarta, sai su matso kusa da na gaba. LCLS tana yin haka sau biyu, na farko a kuzarin MeV 250, na biyu a GeV 4 da ɗoriya.

Igiyar rediyo kuwa a lanƙwashe take, ba miƙaƙƙen layi ba ce, kuma gungun da kansa yana barin filin lantarki a bayansa wanda ke taɓa elektaron da ke biye. Sakamakon haka gungun da ya fito daga matsa ba ya ɗaukar kyakkyawar siffar ƙararrawa ta Gauss da littattafan karatu ke zanawa. A shekarun farko na FLASH, gungun yana da siririn tsini mai kaifi a gaba da doguwar jela a baya. Tsinin ne kaɗai ke samar da haske, jelar kuma ita ke ɗauke da mafi yawan caji. Sai da aka saka kogon gigahaz 3.9 a 2010, wanda ke miƙar da lanƙwasar igiyar, sannan siffar ta daidaita. A LCLS kuwa gungun yakan fito da ƙaho biyu, ɗaya a kai ɗaya a wutsiya, tsakiyarsa a shimfiɗe.

To idan aka ce gungun FLASH na wancan lokaci tsawonsa kaza ne, me ake nufi? Akwai ma'auni biyu da suka fi yawo a takardu. Na farko matsakaicin bazuwa, wanda ake yi wa alamar σ. Na biyu faɗin siffar a rabin tsayinta. A siffar Gauss, na biyun ya ninka na farkon sau 2.355, kuma ana iya juya ɗaya zuwa ɗaya ba tare da asara ba. A gungu mai tsini da jela kuwa, σ tana ba da labarin jelar, faɗin rabin tsayi yana ba da labarin tsinin, kuma babu wani adadi da zai haɗa su. Ra'ayina shi ne, duk takardar da ta kawo tsawon gungu ba tare da ta faɗi wanne take nufi ba, kuma ba ta nuna siffar ba, ta bar mai karatu da rabin bayani.

3.0 Kyamarar shimfiɗa lokaci

Wannan ita ce tsohuwar abokiyar aikin zoben ajiya. Hasken da gungu ya fitar yana faɗawa kan faranti mai sakin elektaron, a hanzarta elektaron ɗin cikin bututu, su ratsa tsakanin faranti biyu da ƙarfin lantarkinsu ke hawa da sauri. Waɗanda suka riga zuwa su sauka a wani gefen allo, na baya su sauka a ɗaya gefen. Ga gungu mai pikosakan 20 ko 50 ta wadatar, kuma da ita ake ganin yadda gungu ke ƙara tsawo idan an ƙara masa caji. Mafi saurin samfurin da kamfanin Hamamatsu ya fitar yana tsayawa ne tsakanin femtosakan 100 da 200. Elektaron da ke cikin bututun ba sa barin farantin da gudu ɗaya, suna kuma ture juna idan hasken ya yi yawa, gilasan da hasken ya ratsa su ma suna miƙe shi. Ga gungun lezar eksire, ta gaza.

Akwai wata dabara mai sauƙin kuɗi da aka gwada a Jefferson Lab a ƙarshen shekarun 1990. Ana saita ɗaya daga cikin kogunan hanzartawa a daidai inda igiyarsa ke ratsa sifiri, yadda kan gungu zai ƙaru da kuzari wutsiya ta ragu, sannan a auna bazuwar kuzarin da maganaɗisu. Tana aiki muddin bazuwar da aka ƙara ta rinjayi wadda gungun ya zo da ita.

4.0 Kogon karkatarwa

A nan zan daɗe, domin wannan ita ce hanyar da sauran ke komawa gare ta don tabbatar da kansu.

Asalinta ba don awon lokaci ba ne. A shekarun 1960 Gregory Loew da Rudy Larsen da Otto Altenmueller suka ƙera kogon rediyo a SLAC wanda ke tura ƙwayoyi gefe maimakon gaba, domin rarrabe ƙwayoyin da suka bambanta a nauyi. Daga sunayensu aka samo sunan LOLA. Bayan shekaru kusan arba'in aka fito da waɗannan koguna daga ajiya, aka ga ashe su ne maganin matsalar gajeren gungu. Ɗaya daga cikinsu, mai tsawon mita 3.6, aka kai shi Hambug aka ɗora a kan FLASH.

Aikinsa kamar na kyamarar da muka ambata ne, sai dai a nan gungun kansa ake shimfiɗawa, ba haskensa ba. Ana saita lokacin isowar gungu yadda tsakiyarsa zai tarar da filin kogon a sifiri. Kai ya sami turi sama, wutsiya ta sami turi ƙasa, tsakiya ta wuce abinta. Bayan 'yan mitoci gungun ya faɗa kan allo a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Kamar mai zuba gero ne daga mudu yana jan hannunsa a kan tabarma: ƙwayar da ta fara zuba tana wannan baki, ta ƙarshe tana wancan, inda geron ya yi tudu kuma nan ne zubar ta fi ƙarfi. Wanda ya san saurin hannun zai karanta lokacin daga tabarmar.

Babbar falalar hanyar ita ce tana auna saurin hannun nata da kanta. LOLA tana kaɗawa a megahaz 2,856. Zagaye ɗaya pikosakan 350 ne, digiri ɗaya na zagayen kuma pikosakan 0.97. Mai aiki a ɗakin sarrafawa zai gusa matakin kaɗawar da digiri ɗaya ko rabi, ya ga milimita nawa tabon ya motsa a kan allo, shi ke nan ya sami ma'aunin juya tazara zuwa lokaci, ba tare da dogaro da wani hasashe game da siffar gungu ba.

Bari mu yi lissafi na misali, domin a ga inda iyakar take. A ce digiri ɗaya ya motsa tabon milimita 2.9, wato maikiromita 3 a kowace femtosakan. A ce kuma idan kogon yana kashe, bazuwar tabon maikiromita 50 ce. Wannan faɗin na asali ba ya gushewa idan an kunna kogon. Yana haɗuwa da shimfiɗar ne ta hanyar murabba'i: murabba'in abin da aka gani daidai yake da murabba'in faɗin asali a tara da murabba'in shimfiɗa. Idan aka kunna aka ga 130, shimfiɗar 120 ce, gungun femtosakan 40 ke nan. Ko da an yi kuskuren maikiromita 2 wajen auna faɗin asali, amsar ba za ta motsa da kashi ɗaya cikin ɗari ba. Amma idan aka ga 58, lissafin zai ba da kimanin femtosakan 10, kuma wannan kuskuren na maikiromita 2 zai kai amsar ko dai 8.6 ko 10.9. A wannan tsari iyakar tantancewa ita ce 50 a raba da 3, kusan femtosakan 17. Ana iya fitar da adadin da ya gaza haka ta hanyar ɗebewa, amma duk wani tsini ko rami da ya fi 17 ƙanƙanta ya riga ya narke a cikin hoton. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin wajibi ne a rubuta iyakar tantancewa kusa da kowane sakamako.

Ana rage iyakar ta hanya uku: ƙara ƙarfin turi, ƙara saurin kaɗawa, da shirya maganaɗisun tattara gungu yadda zai yi faɗi a cikin kogon ya kuma tsuke a kan allo. Ƙarin kuzarin gungu kuwa yana ja baya, domin gungu mai GeV 14 ya fi wuyar turawa. Akwai kuma ladabin aiki da bai kamata a tsallake ba. Igiya tana ratsa sifiri sau biyu a kowane zagaye, sau ɗaya tana hawa sau ɗaya tana sauka. Idan gungun ya zo da 'yar karkata tun daga baya, a ɗayan za ta ƙara shimfiɗar, a ɗayan ta rage. Sai an auna a duka biyun ake gane ta a cire.

Hanya ta biyu, ta ƙara saurin kaɗawa, ita ta haifar da na'urar da nake ganin ta fi kowace tasiri a wannan fage. A 2013 aka saka kogon gigahaz 11.424 a LCLS, ninki huɗu na LOLA, inda digiri ɗaya ya zama pikosakan 0.24. Christopher Behrens da abokan aikinsa sun bayyana sakamakonsa a mujallar Nature Communications a 2014, da iyakar tantancewa ta 'yan femtosakan. Hikimar ba a saurin kaɗai take ba, har da wurin da aka ajiye shi. An sa shi ne bayan andileta, jerin maganaɗisun da ke sa gungu ya fitar da haske, wato bayan gungun ya gama haifar da eksire yana kan hanyarsa ta zuwa juji. Lalata gungun a nan bai hana kowa aiki ba, don haka ana iya ɗaukar hoton kowane gungu, sau 120 a sakan. Kogon yana shimfiɗa lokaci ta kwance, maganaɗisun juji yana shimfiɗa kuzari ta tsaye, sai hoto ɗaya ya nuna kuzarin kowane yanki na gungun. Yankin da ya ba da haske ya yi asarar kuzari, bazuwarsa ta ƙaru. Idan aka kwatanta hoton da aka ɗauka lezar tana aiki da wanda aka ɗauka an hana ta, bambancin yana ba da siffar walƙiyar eksire kanta a cikin lokaci. Na'urar awon elektaron ta zama na'urar awon haske.

Duk da haka kogon yana da nasa farashi. Yana buƙatar kilaistiron mai samar masa igiyar rediyo da na'urar ba shi wuta, da mitoci na fili a cikin rami mai tsada. Ƙa'idar Panofsky da Wenzel ta 1956 ta nuna cewa duk filin da ke tura gefe yana kuma sauya kuzarin ƙwayoyin da ba sa kan tsakiya, don haka faɗaɗa gungu a cikin kogo don inganta ganin lokaci yana ɓata ganin kuzari. Allon ma yana da nasa matsala. A LCLS an tarar cewa ƙananan tarukan da ke tasowa a cikin matsattsen gungu suna sa allon ƙarfe ya fitar da haske mai haɗin kai a zangon da ido ke gani, wanda ke rufe hoton gaba ɗaya, har aka koma ga allo mai ƙyalli da siririyar waya. A European XFEL, inda gungu har 2,700 ke zuwa a jere da tazarar nanosakan 220, ba a iya sa allo a kan hanya. Ana fizge gungu ɗaya ne da maganaɗisu mai saurin bugu a kai shi allon da ke gefe, sauran su wuce. CERN da DESY da cibiyar PSI ta Suwizalan sun haɗu sun ƙera sabon samfuri mai suna PolariX wanda ake iya juya alƙiblar turinsa, domin a ga gungun ta kusurwoyi da yawa.

5.0 Haske mai haɗin kai

Elektaron yana fitar da haske idan ya lanƙwasa a maganaɗisu, ko ya ratsa iyaka tsakanin sarari da ƙarfe, wanda Ginzburg da Frank suka yi hasashensa a tsakiyar shekarun 1940, ko ma ya wuce kusa da bakin ƙarfe bai taɓa shi ba. A zangon da ya fi gungu gajarta, kowane elektaron yana kaɗawa a nasa mataki, ƙarfin hasken yana bin yawansu, N. A zangon da ya fi gungun tsawo kuwa, duk suna kaɗawa tare, filayensu suna taruwa, ƙarfin ya bi N sau N. Da yake N ya kai biliyan, bambancin ba ƙarami ba ne. An fara ganin wannan a hasken sinkirotiron a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1989, sannan a hasken ratsa iyaka a Jami'ar Cornell a 1991.

Zangon da haɗin kan yake fara gushewa shi ne ke faɗin tsawon gungu. A siffar Gauss, wannan zango ya kai kimanin sau 6.3 na σ. Gungu mai femtosakan 100 yana ba da haske har zuwa wajen terahaz 1.6, wato zangon maikiromita 190. Mai femtosakan 10 yana kaiwa maikiromita 19. Mai femtosakan ɗaya ya kusa shiga hasken da ido ke gani. A nan akwai abin sha'awa: wannan ce hanya ɗaya da gajartar gungu ba ta ƙara mata wahala, sai dai ta matsar da aikin zuwa wani zango. Da ita ƙungiyar Helmut Wiedemann ta auna gungu mai femtosakan 50 a Stanford tun 1994, kuma da ita Olle Lundh da abokansa a Faransa suka nuna a 2011 cewa gungun da leza ke hanzartawa a cikin filasma bai kai femtosakan 2 ba.

Amfaninta na yau da kullum mai sauƙi ne. A sa na'ura ɗaya mai jin zafin haske bayan kowace lanƙwasar matsa. Gungu ya gajarta, alamar ta hau. Ya tsawaita, ta sauka. Kwamfuta tana karanta wannan ta gyara matakin igiyar rediyo nan take. Kusan kowace lezar eksire da wannan take riƙe matsarta daga safe zuwa dare. Sai dai alamar ba ta san femtosakan ba. Sai an gwada ta da kogon karkatarwa take samun ma'auni.

Idan ana son siffa, sai a rarrabe hasken zango-zango. Da can ana amfani da na'urar Michelson ko ta Martin da Puplett, ana gusa madubi a hankali a kan gungu dubbai, abin da ke ba da matsakaici kawai. A DESY an ƙera CRISP, mai jerin faranti masu tsaga da tashoshin ji sama da 100, wadda ke ɗaukar zango daga 'yan maikiromita zuwa sama da 400.

A nan gizo ke saƙar. Na'urar tana auna ƙarfin kowane zango, amma matakin kaɗawarsa ya ɓace, kuma ba a iya komawa ga siffa ba tare da shi ba. Misali mafi sauƙi: gungu mai tsini a gaba da jela a baya, da wanda aka juya shi jelar ta koma gaba, bakan haskensu iri ɗaya ne sak. Lai da Sievers sun kawo mafita a shekarun 1990 ta amfani da dangantakar Kramers da Kronig, wadda ke fitar da mafi ƙanƙantar matakin da ya dace da bakan. Daga baya aka ƙara hanyoyin maimaita lissafi har ya daidaita. Dukansu suna ba da siffar da za ta iya zama ita ce, ba su tabbatar da cewa ita kaɗai ce ba. Ƙari a kan haka, dogayen zango, waɗanda su ke ɗauke da labarin jela, su ne suka fi ɓacewa a hanya: allon yana da iyakar faɗi, hasken yana bazuwa a bututu, taga tana tace shi, tururin ruwa yana shanye terahaz, shi ya sa ake bi da shi ta bututun da aka zuƙe wa iska da tagar daimon. Abin da ya ɓace sai a cike shi da hasashe. Don haka hanyar tana da kaifin gani a kan tsini, tana da rauni a kan jela, akasin abin da σ ke buƙata.

6.0 Kiristal da leza

Filin lantarkin elektaron mai gudu yana matsewa ya zama faifai a tsaye, kaurin kusurwarsa kimanin ɗaya a raba da γ, ma'aunin Lorentz. Gungu ke nan yana tafe da hoton kansa a gefensa. Idan aka ajiye siririn kiristal na ZnTe ko GaP 'yan milimita daga hanyarsa, filin yana sauya yadda kiristal ɗin ke juya hasken da ke ratsa shi, abin da ake kira tasirin Pockels. A aika walƙiyar leza ta ratsa a daidai lokacin, ta fito ɗauke da siffar. Gungun bai taɓa komai ba.

An fara nuna wannan a FELIX ta ƙasar Holan a 2000. A 2002 aka yi shi da gungu ɗaya tak, ta miƙe walƙiyar lezar yadda kowane launi zai iso a nasa lokaci, sai a karanta lokaci daga launi. A 2005 Adrian Cavalieri da abokansa a SLAC suka ratsa kiristal ɗin a karkace, lokaci ya koma tazara, suka kuma yi amfani da shi wajen sanin lokacin isowar gungu.

Iyakokinta uku ne, kuma kowace ana iya lissafa ta tun kafin a sayi kaya. Ta farko tazara: milimita 5 daga gungu mai GeV ɗaya, inda γ ta kusa 2,000, tana dusashe hoto da kimanin femtosakan 10, amma a MeV 50 abin ya haura 150. Ta biyu kiristal ɗin kansa, wanda ƙwayoyinsa ke da nasu kaɗawa, ZnTe a terahaz 5.3, GaP a wajen 11. Kusa da nan amsarsa takan karkace. Ta uku ta shafi hanyar launi: ba ta ganin abin da ya gaza tushen murabba'in tsawon walƙiyar asali a ninka da tsawonta bayan miƙewa. Walƙiya mai femtosakan 30 da aka miƙe zuwa pikosakan 3 tana tsayawa a 300, kuma abin da ya gaza haka yakan fito da kaɗe-kaɗen ƙarya masu kama da siffa ta gaske. Masu bincike a Jami'ar Lille tare da DESY sun nuna a 2022 yadda za a kauce wa wannan ta karanta fitowa biyu a lokaci guda.

7.0 Gwada ma'auni da ma'auni

Aikin da nake so ɗalibanmu su karanta da kyau shi ne wanda Giel Berden da abokansa suka buga a 2007. Sun ajiye kiristal na GaP kusa da LOLA a FLASH, suka auna gungu da hanyoyin biyu. Ba su tsaya kan kwatanta adadi da adadi ba. Sun ɗauki siffar da LOLA ta gani, suka bi da ita ta lissafin amsar kiristal, suka duba ko abin da ya fito ya yi daidai da alamar da lezar ta kawo. Ya yi daidai, kuma a nan aka ga ƙarara cewa faɗin alamar, wajen femtosakan 60, na kiristal ne fiye da na tsinin gungun. Wannan tsari, na bin siffa ta cikin na'ura zuwa alama maimakon juyowa daga alama zuwa siffa, shi ya kamata a bi a duk inda hanyoyi biyu suka saɓa.

Buƙatar wannan tsari tana ƙaruwa ne. LCLS-II, wadda ta ba da haskenta na farko a watan Satumban 2023, an tsara ta ta kai gungu miliyan ɗaya a sakan, ƙarfin da babu allon da zai jure. A ɗaya gefen kuma ana samar da walƙiya da ta gaza femtosakan ɗaya. Ana gwada sababbin dabarun shimfiɗawa: filin terahaz a madadin igiyar rediyo, wanda ya dace da gungu mai ƙaramin kuzari, da bututu mai tsaga-tsaga ko mai rufin dayalektirik inda filin da gungun ya bari a bayansa ke karkatar da wutsiyarsa, kamar yadda aka gwada a PSI da SLAC. Wannan na biyun ba ya buƙatar kilaistiron, amma turinsa ba ya tafiya daidai da lokaci, kuma a wajen kan gungun kusan babu turi sam, don haka can ne ganinsa ya fi rauni.

Akwai kuma koyar da kwamfuta ta yi hasashen hoton kogon karkatarwa daga alamomin da ba sa lalata gungu, aikin da aka fara bugawa daga SLAC a 2018. Ina ganin amfaninsa, ina kuma da sharaɗi a kansa. Kwamfutar ta koya ne daga hotunan kogo, don haka ta gaji iyakar tantancewar kogon, kuma ba ta da abin cewa game da saitin na'urar da ba ta taɓa gani ba. Duk sakamakon da ya fito daga gare ta ya kamata ya zo da bayanin kogon da aka koyar da ita da shi, da iyakarsa a wannan kuzari, da ranar da aka yi gwajin ƙarshe tsakaninta da awo na zahiri.